Teburin Baba ya koma ofis

'Yar'uwa, in za ki sayi teburin ofis, ki leƙa ƙarƙashinsa kafin ki biya. Ni ban leƙa ba. Da na buɗe ɗan ofishi a shagon ɗinkina na Ƙofar Guga, na sayi wani mai sheƙi, ashe garin katako ne aka matse da gam. Damina ɗaya rufi ya yi yoyo, tebur ya kumbura kamar burodi a shayi. Bai gyaru ba, sai bola.

Kafinta ya ce zai yi mini na madobiya. Na ƙi. Ita ce ake ta sarewa ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har aka taƙaita cinikinta a duniya a 2017. Mu da hamada ke bakin ƙofarmu, kuɗina ba zai ƙara gatari a daji ba.

Sai na tuna da teburin madacin marigayi Baba, yana zaure yara na hawa. Kafinta ya sake masa ƙafa ɗaya, ya goge, ya shafa mai. Kishiyata ta ce tsohon yayi ne. Gaskiyarta. A kansa na karɓi kuɗin ɗinkin Sallar bana, tabon tawadar Baba na nan a gefe.