Gaɓa Takwas, Amma Waƙar Tana Ɗingishi

Da kakata ta rasu a Maamobi, na ƙudurta zan rubuta mata marsiyya in karanta a ƙarshen shirina na daren Juma'a. Ni ba mawaƙi ba ne. Aikin jarida na karanta, kuma Hausata ta Zango ce, irin wadda Bakano ke murmushi in ya ji mun ce "matana ya zo". Shi ya sa nake manne da wani ƙamus na intanet a wayata. Ƙamus ɗin yana rarraba kalma da karan ɗori, ya kuma faɗa maka gaɓa nawa ce. Na ce shi ke nan, in kowane ɗango ya tashi gaɓa takwas, waƙa ta zauna.

Tun daren farko muka fara saɓani. Na rubuta "rai" ya ce gaɓa biyu, "yau" ma biyu, domin wasula yake ƙirgawa, bai san "ai" da "au" tagwaye ne da ake furtawa a numfashi ɗaya ba. "Tsatso" ya yanka shi tsat-so, alhali "ts" baƙi ɗaya ne da boko ya ba harafi biyu. "Ƙwaƙwalwa" kuwa sai ya mai da ita ƙwaƙ-wal-wa. Duk na gyara da hannu, ina jin kaina gwani.

Na karanta a iska. Masu kira suka yi ta'aziyya, babu wanda ya ce uffan kan waƙar. Sai washegari bayan azahar, malamin da ya koya mini allo a Nima ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci.

"Ɗana, Allah ya jiƙan Hajiya. Amma waƙarka tana ɗingishi."

"Malam, na ƙirga. Takwas-takwas ce."

"Ka ƙirga, ba ka auna ba."

Ya karɓi birona ya rubuta "gari" sau biyu da ajami a bayan takardar da ke aljihuna, ɗaya da alif bayan baƙin farko, ɗaya babu. Mai alif shi ne garin da muke jiƙawa da sukari da gyaɗa, marar alif shi ne garin da muke zaune. A boko duk ɗaya suke, domin daidaitaccen rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, balle karin sauti. Haka "duka" na jimla da "duka" na sanda. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ita ce sassauƙa, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Biyun ƙarshe nannauya ne. Rubutacciyar waƙa a kan jerin sassauƙa da nannauya take tafiya, kuma wannan jerin ne na'urar ba ta gani, tunda abin da aka ba ta bai ɗauke da shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da Malam ya sa na maimaita ɗangayen yana buga yatsa a gwiwa, na gano wasu kalmomin ni kaina ban tabbatar da tsawonsu ba. Tsakanin Turanci da Tuwi da Ga muka tashi, kunnen ya ɗan dushe.

Malam ya tuna mini da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, wanda ya rubuta waƙoƙi da ajami a ƙasar nan har ya rasu a 1934. A shekarar ce kuma ƙamus ɗin Bargery ya fito, shi ma yana nuna tsawon wasali, kuma an daɗe da ɗora shi a intanet. Na sha wuce shi saboda alamomin suna gajiyar da ido. Yanzu can nake komawa in na yi shakka.

Mako huɗu ina zuwa zauren Malam bayan isha'i, ina rerawa yana bugawa. Ranar sadakar arba'in na sake karanta marsiyyar a gaban 'yan'uwa. Ɗango na uku yanzu gaɓa bakwai ne, domin nannauya ɗaya ta zauna a gurbin sassauƙa biyu. Gwaggona ta yi kuka daidai wurin.