Tsutsar Kudaku da Furen Duma

'Ya'yana, idan damina ta yi nisa a Dodoru, kudaku ya rufe kunya, za ku riƙa ganin ganyen da aka cinye sai jijiya, ga baƙin kashi ya zuba a ƙasa. Ku ɗaga yaɗon a hankali. Za ku tarar da ƙatuwar tsutsa mai tsawon yatsa, wata koriya wata ruwan ƙasa, da zane a karkace a gefenta, da ƙaho guda a gindi. Yara na gudun ƙahon nan, alhali ba ya harbi, ba shi da dafi. Abincinta ganyen kudaku ne, wato dankalin Hausa, da danginsa masu yaɗo, irin su duman rafi.

In ta ƙoshi sai ta nutse cikin ƙasa ta ƙulle a kwanso. Bayan 'yan makonni babban ƙwaro ya fito, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, launin toka, cikinsa da ratsin baƙi da ruwan hoda. Masana na kiransa Agrius convolvuli. Faɗin fukafukansa kan kai santimita 10, bakinsa kuwa dogon zare ne a naɗe, ya fi jikinsa tsawo. Yana nan a Afirka da Asiya da Ostireliya, yakan kuma yi ƙaura zuwa Turai, har Ingila.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa. Da magariba wannan ƙwaro da danginsa ke zuwa su tsaya cak a iska suna tsotson zaƙinsa, suna kwasar garin fure daga namiji zuwa mace, duma ya yi 'ya'ya. Ƙwaryar da kuke shan fura da ludayinta, akwai aikinsu a ciki.

Shi ya sa nake hana ku saurin ɗaukar tankin feshi. Ku bi kunya da sassafe ku tsince tsutsar da hannu. Kudaku na jure rasa ɗan ganye. Bayan haƙa, ku juya ƙasa, rana da tsuntsaye su rage na cikin kwanso. Feshi sai ɓarna ta fi ƙarfin hannu.

Haka ma sha'anin mutane. Na ga yaran da gari ya gaji da ɓarnarsu, yau su ke riƙe da gidajen iyayensu. Ku tsawata wa yaro, ku hana shi ɓarna, amma kada ku yanke ƙauna daga gare shi, domin Allah kaɗai ya san abin da zai zama.