Tsarabar Kawu Daga Ƙasar Sin

A hutun da ya wuce na koma gida da takardar sakamakon da ban so kowa ya gani ba. Na zo na 31 cikin mutum 36, Lissafi kuwa maki 22 na samu. Baba ya karanta, ya ninke takardar, ya ce idan zango mai zuwa ma haka ne, to, in tattara akwatina in zo in kama masa zaman shago. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Ana cikin haka sai ga Kawu, ƙanen Innarmu, wanda yake koyar da Tarihi a jami'a. Dawowarsa ke nan daga wani taron malamai a ƙasar Sin. Mu dai Birnin Sin a bakin mutane muke jinsa, in ana misalin nisa. Ƙannena suka yanyame shi suna tambayar doguwar ganuwar nan, da cin abinci da tsinke. Ya ce duk ya gani, har ya shiga jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa, amma abin da ya fi tsaya masa a rai wasu 'yan ɗakuna ne a birnin Nanjin.

Ya ce wurin tsohon filin jarrabawa ne, yanzu an mai da shi gidan tarihi. A da akwai ɗaki sama da 20,000 a jere, kowanne bai fi akurkin kaji ba, mutum ba ya iya miƙe ƙafa a ciki. Katako biyu ake ba ka, ɗaya kujera ɗaya tebur, da dare ka haɗa su ka kwanta. Shekara uku-uku ake yin jarrabawar, zama uku, kowane zama kwana biyu da yini a kulle. Kai za ka zo da guzurinka, a caje ka a ƙofa, har abincin a tsaga a duba ko ka ɓoye takarda. In ka gama, wasu marubuta ne za su kwafe amsarka da jan tawada, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. Wanda ya mutu a ciki kuwa, ba a buɗe ƙofa dominsa, ta kan katanga ake fitar da gawar.

Na ce, "Kawu, duk wannan wahala a kan me?"

Ya ce a kan sarauta. Wajen shekara 1,300 sarakunan Sin da jarrabawa suke zaɓen hakimansu da alƙalansu, sai a 1905 aka soke ta. Ɗan manomi, in ya haddace littattafan Konfushiyas, yana iya zama gwamna. Amma fa mata ba su shiga, kuma mafi yawan masu ci 'ya'yan masu hali ne, don su ke da sukunin zaman karatu na shekaru.

Baba da yake gefe yana sauraron rediyo ya ce, "Ka ji ko? Su a akurki ma sun ci."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai waɗanda suka ci 'yan kaɗan ne. Ni waɗanda suka faɗi nake tunani tun da na fito wurin nan." Sai ya kawo labarin wani malamin ƙauye, Hong Xiuquan (sunan yana karya harshe, Hong kawai zan ce). Danginsa sun ɗora masa buri, ya zauna jarrabawa sau huɗu yana faɗuwa. Bayan faɗuwa ta uku, a 1837, ya kwanta ciwo yana gane-gane, daga baya ya ce wai shi ƙanen Annabi Isa ne. Talakawa da yunwa ta ishe su suka bi shi, suka ci Nanjin a 1853, ya mai da shi babban birninsa. Kafin a murƙushe tawayen a 1864, mutum aƙalla miliyan 20 sun hallaka. Abin da ya ba ni mamaki, da ya sami mulki, shi ma jarrabawa ya kafa wa mutanensa.

Akwai kuma Pu Songling, wanda ya rasu a 1715. Shi ma ya sha faɗuwa har ya tsufa, yana koyar da 'ya'yan wani attajiri. A nan ya rubuta labaran aljanu da fatalwa kusan 500, kuma har yau yaran Sin suna karanta su a makaranta.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "To, wannan naka wanne ne a cikinsu?"

Kawu ya ce, "Bai kai ko ɗaya ba tukuna, sau ɗaya ya faɗi." Ya ƙara da cewa ko a zamanin nan, an rufe jarrabawar shiga jami'a a Sin a 1966. Da aka buɗe ta a 1977, mutum wajen miliyan 5.7 suka zauna, wasunsu magidanta da suka shekara goma a gona da masana'anta, aka ɗauki kimanin 270,000. Ya ce irin waɗannan mutane ba wanda ya kira su daƙiƙai don sun makara.

Gaskiya ni ban yarda da Kawu duka ba. Su Hong sun yi karatu suka faɗi, ni kuwa na san inda nake lokacin karatun dare, ina bayan ɗakin kwana muna hirar ƙwallo. Ban faɗi haka a gaban Baba ba.

Ranar komowa makaranta Baba ya ba ni kuɗin mota, ya ce maganarsa tana nan, zango ɗaya ne. Kawu kuwa ya ba ni hoton ɗaya daga cikin ɗakunan, na manna shi a cikin murfin akwatina. Yanzu saura mako biyar jarrabawa. A gwajin Lissafi na ranar Juma'a na sami 41, ban rubuta wa Baba ba tukuna.