Gashin Rago a Matameye, Kafin Zuwan Tanda da Tuffa

A Matameye ta shekarun 1970 da 1980, in aka ce gashin rago, gashin Layya ake nufi. Da an sauko Idi liman ya yanka, kowane maigida ya yanka nasa, sai a feɗe, a kwashe kayan ciki a miƙa wa mata, a wage ragon a kan sanduna biyu da aka gicciya. Gida huɗu ko biyar sukan haɗa wuta ɗaya a ƙofar gida. Itace yana tsakiya, raguna sun kewaye shi a jingine, kowanne da tazarar taki ɗaya ko biyu daga harshen wuta. Ba a yarda wutar ta lashi nama, zafinta kawai ake so.

Aikin yini guda ne. Daga hantsi har bayan isha'i ana juya raguna, ciki ya fuskanci wuta, can a juya baya. Akwai ƙwaryar ruwan gishiri da yaji da ake yayyafawa, akwai tasa a gindin kowane rago tana tarar kitsen da ke ɗiga, don mata su yi miya da shi daga baya. Dattijo yana zaune a tabarma, ido a kan wuta, lokaci-lokaci ya ce, "Kai yaro, ja wancan baya kaɗan, cinyar za ta ƙone." Yaro ya ce, "To, Baba," ya tashi. A ranar ba mai taɓa gashin. Soyayyen hanta da tumbi ake ci. Sai washegari, bayan naman ya kwana ya tsane, a sassara shi, yara su ɗauki kwanoni su bi gidajen dangi da maƙwabta da waɗanda ba su samu halin yanka ba. Abin da ya rage a soya shi ƙarau, ya yi watanni a tukunya.

Daɗin wannan nama tun daga turke yake farawa. Mata ne gwanayen turka. Su sayi ɗan uda ko balami a kasuwar Juma'a, su ɗaure shi a bayan ɗaki, su yi ta ba shi dusa da ɗan kanwa da harawar gyaɗa da 'ya'yan gawo, wanda ƙasar Kance, inda Matameye take, ba ta rasa shi. Gyaɗa kuwa a lokacin ita ce arzikin yankin: kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye, garin yana da masana'antar matse mai, ƙuli-ƙulin yajin tsire kuma ba a nemansa da nisa. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan noma, aka ji a jikin mutane, aka ji a jikin dabbobi.

Cusasshen rago baƙo ne da ya shigo ta hannun ma'aikatan gwamnati. Waɗanda suka yi aiki a Yamai da Agadas suka zo da shi, da sunansa na Larabawan arewa, mishwi. Da farko sai a liyafar kumandan ko in wani babba ya zo rangadi daga Damagaram ake ganinsa, daga baya ya sauko bukukuwan 'yan kasuwa. Na taɓa tsayawa kusa da wani mahauci yana haɗa shi. Ya zaɓi matashin rago da bai tsufa ba, ya tsattsaga cinyoyi da kafaɗu da bakin wuƙa, ya cusa tafarnuwa da citta da masoro a kowace tsaga. Matar gidan biki ta kawo kuskus da aka turara rabi, an cuɗa shi da albasa da zabibi da man shanu. Ya dinga ɗiba da hannu yana turawa cikin ragon, amma bai cika shi maƙil ba. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Malam, in ka cika shi, ina romo zai zauna?" Sai ya ɗinke cikin da basilla da zare mai kauri, aka ɗora a babban tire, aka kai gidan burodi. Bayan an kwashe burodin ƙarshe, tandar tana da sauran zafi mai laushi, a nan ragon ya yi sa'o'i yana nuna a hankali.

Da aka warware ɗinkin, kuskus ya sha romo ya yi jajir, naman kuma da yatsa ake zare shi daga ƙashi. Abinci ne na gaske, ba na raina shi. Abin da ke damuna shi ne ba ya kwana. Cikinsa da danshi, a zafin watan Afirilu kafin gari ya waye ya juya, saboda haka wanda aka gayyata ne kawai ke cinsa, a zama ɗaya. Tsohuwar da ke ƙarshen lungu ba ta da rabo a ciki. Ga shi kuma tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kuɗin komai ya tashi, itacen ƙirya da ke ci a hankali ya yi wuya, wasu gidajen har a Layya ma sun koma kai ragonsu tanda, kowa da nasa.

Yanzu an ƙara wani salo. Matasan masu girkin biki, da suka ga abin a waya, sukan sayi naman gadon baya kaɗai, su buɗe shi da wuƙa kamar ana warware tabarma, su shimfiɗa yankakken tuffa da albasa, su naɗe, su ɗaure da zare, su gasa. Asalin wannan girki na Turawa ne, a wurare irin Normandi ta Faransa inda tuffa ke da yawa, kuma da naman alade suke yi, abin da addini ya haramta mana. Dabarar dai ta dace da rago, domin tantaƙwashi, wato naman gadon bayan nan, nama ne marar kitse, wuta kaɗan ta wuce sai ya bushe, ɗan itace mai ruwa da tsami kuwa yana riƙe masa laushi daga ciki. Haɗa nama da zaƙi ma ba sabo ba ne wurin Musulmi. Mutanen Maroko suna dafa naman Layya da zabibi da zuma, su kira shi muruziya, ya daɗe bai lalace ba.

Sai dai tuffar da ake sayarwa a tashar Matameye daga nesa motoci ke kawo ta, ta sha hanya, ga tsada, kuma yawancinta zaƙi ne zalla babu tsami, a tanda sai ta narke ta zama ruwa. A ganina abin da muke da shi ya fi ta. A samu dabino busasshe irin wanda ake kawowa daga Kawar, a jiƙa shi a ruwan tsamiya har ya yi taushi, a cire ƙwallon, a haɗa da soyayyar albasa da kanumfari da ɗan kimba. In an naɗe naman, a lulluɓe shi da kitsen nan mai raga-raga da ke rufe tumbi, wanda mahauta ke naɗe hanta da shi tun da can. Wuta ta zama mai sauƙi, kuma in an sauke a bar shi a rufe kamar minti 15 kafin a sa wuƙa, in ba haka ba romon duk a tire zai tsiyaye.