Sunan Da Wani Ya Riga Ya Kama

Makon nan zan ɗan ajiye adabi in koma fannin da na yi difloma a kansa, domin a can ma zaɓen kalma ba wasa ba ne.

A harshen JavaScript, wanda ke motsa shafukan intanet, idan kana da jerin abubuwa, a ce sunayen ɗalibai ɗari, kana bukatar hanyar bin su ɗaya bayan ɗaya. A 2005 burauzar Firefox 1.5 ta zo da gajerun umarni na wannan aiki, irin su forEach da map da filter. Internet Explorer kuwa bai san da su ba sai a fitowarsa ta 9, a 2011. Shekara shida ke nan mai gina shafi zai rubuta abu ya yi aiki a wannan kwamfuta, ya ƙi a waccan, kamar yadda ƙ da ɗ ɗinmu ke komawa akwati a tsohuwar waya.

Masu haɗa laburaren shirye-shirye ne suka cike giɓin, amma hanyarsu ta rabu. Prototype da MooTools sun kutsa cikin harshen kansa, suka liƙa wa kowane jeri umarnin da suka ƙirƙira. jQuery na John Resig, wanda ya fito a 2006, da Underscore na 2009, sun ajiye nasu a rumbunsu daban. Hanya ta farko ta fi daɗin rubutu, ban musa ba. Shi ma jQuery yana da nasa haushin: yana miƙo lambar matsayi kafin abin da ke jerin, akasin forEach. Duk da haka ni ina bayansa, domin bai yi gini a kan hanyar jama'a ba.

A 2018 aka ga ranar hakan. Kwamitin TC39 mai kula da harshen ya so ƙara umarnin flatten. Da Firefox ta saka shi a sigar gwaji, sai aka tarar yana lalata tsofaffin shafuka masu MooTools, domin laburaren ya riga ya kama sunan. Ba mai iya bin masu shafukan nan ɗaya-ɗaya ya ce su gyara. Wasu ma sun daɗe da barin aikin. Dole kwamitin ya janye. An yi ta muhawara, har wani ya kawo sunan smoosh cikin raha, aka ƙare a kan flat. Kafin nan ma, MooTools ɗin ne ya sa contains ya koma includes.