Azumin Kwana Arba'in Da Bokitin Ƙaramin Ɗalibi

Duk shekara idan hunturu ya fara ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, mu Kiristocin Ikara, Maƙarfi da Kudan da ke ɗarikun Angalika da Katolika mukan shiga azumin kwana 40. Yana farawa ranar Larabar Toka, ya ƙare a jajibirin Ista. Wanda ya ƙirga a kalanda zai samu kwana 46, domin ba a sa ranakun Lahadi shida cikin lissafi. A 2025 ma azumin ya haɗu da na 'yan'uwanmu Musulmi: sun ɗauki Ramadan ranar 1 ga Maris, mu kuma aka shafa mana toka a goshi ranar 5. Tokar tana tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito, kuma can zai koma.

A wannan lokaci wani yakan bar cin nama, wata ta bar shan lemo, wani ya rufe Facebook. Duk suna da kyau. Amma abin da ya fi wuyar bari shi ne girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe ana tuna labarin da ke cikin Yohanna sura 13. Ana cikin cin abincin dare, Yesu Almasihu ya tashi, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. A wancan zamani hanyoyi duk ƙura ne, kuma wankin ƙafar baƙo aikin bawa ne. Duk wanda ya taɓa takowa daga gonar rake a Kudan cikin watan Maris ya san yadda ƙafa ke komawa. Shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko, don bai ga yadda malami zai durƙusa gaban ɗalibinsa ba.

To, ƙannenmu, mu dawo makaranta. Mu da muka bar sakandare kwanan nan mun san dokar da ba a rubuta ba. Ɗan aji ɗaya ne ke bin layin famfo tun asuba, shi ke wanke kwanon siniya, shi ke wanki da guga. A bazara, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, yaro ɗan shekara 11 kan yi sawu uku kafin ya samu na wankansa. Ya shiga aji a makare, ya yi ta gyangyaɗi, sannan a ce ba ya ƙoƙari. Hujjar siniya ɗaya ce: "Mu ma haka aka yi mana."

Ga siniyan da ke wannan azumi, shawararmu ita ce ya ɗauki bokitinsa da kansa har kwanakin su cika. Idan ya ga ƙaramin da ba shi da lafiya, ya ɗebo masa. Ya zauna da wanda lissafi ke ba wuya na rabin awa da yamma. 'Yan jeka-ka-dawo kuma akwai tsofaffi a unguwa da randarsu ke kwana babu ruwa. Kuma kada a ɗauki hoto.

Wani zai ce yara za su raina shi. Ku dubi Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, maƙwabciyar Ikara. Likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje a 1979. Bayan duk wannan ya koma Samaru yana duba marasa lafiya. Hakan bai rage masa komai ba, domin durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Abokanmu Musulmi da ke raba abincin buɗa-baki a Ramadan sun san daɗin irin wannan hidima. Idan siniyoyin aji ɗaya suka haɗa kai, Musulmi da Kirista, ƙananan bana ba za su sami hujjar azabtar da na baɗi ba. Allah ya karɓi ibadarmu.