Ranar da Oga ya kashe min sifika a Kibiya

1/ Ni ɗan Rurum Tsohon Gari ne, sana'ata kaɗa fiyano a gidan biki. Rano, Kibiya, Bunkure, duk inda aka kira mu muna zuwa. Bari in ba ku labarin yadda jazz ya kusa raba ni da abincina 🧵

2/ Wani mai tura waƙoƙi a kasuwar Rano ne ya cika min memori. A ciki na tsinci Kind of Blue na Miles Davis, faifan 1959. Babu waƙa, babu amshi, busa kawai da kiɗa. Jin farko barci ya kwashe ni. A na uku kuwa har asuba ina maimaitawa.

3/ Daga nan kullum bayan isha'i sai in toshe kunne da iyafis. In ji layi ɗaya, in tsayar, in kwaikwaya, in koma baya. Wata shida ina fama da So What kaɗai.

4/ Ranar wani biki a Kibiya, ana tsaka da liƙi, na ce yau za su ga hannu. Na saki duk abin da na koya. Wallahi fili ya mutu murus, ƙawayen amarya suka yi cirko-cirko. Oga ya kashe min sifika: "Kai, amarya muka zo yi wa kiɗa ko kanka?"

5/ Sati uku bai neme ni ba. Ko kuɗin data sai da na ranta.

6/ A zaman nan na ci karo da labarin Yusef Lateef, babban mabushin jazz na Amurka. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana bincike. A kan me? Har da sarewar Fulani.

7/ Kunya ta kama ni. Sarewar da kawuna ke busawa wajen kiwo a gindin duwatsun Rurum, wadda na raina, ita wani ya ketaro teku yana nema.

8/ Na same shi na ce, "Kawu, koya min." Ya yi dariya: "Yau kuma? Ba kai ka ce kayan ƙauye ne ba?"

9/ Kawu yakan busa kaɗan ya yi shiru, ya saurari garke, sannan ya ci gaba. Da na koma wa Miles, sai na ji shirun nan a busarsa. Wata shida ina kwafar sauti, ban taɓa lura da shi ba. A Kibiya ma 'yan rawa na magana da ƙafa, ni ban saurara ba.

10/ Na ba Oga haƙuri, na koma aiki. Yanzu ɗan layin jazz ɗaya nake sakawa tsakanin baiti da amshi, idona na kan fili. In ƙafa ta karɓa in ƙara, in ta ƙi in janye.

11/ In akwai dattijo mai sarewa ko gurmi a garinku, ku nemi izininsa ku naɗa. Ku turo min, ni kuma in turo muku na Kawu.